Katin Hoto a Rumfar Malam Nata'ala

Duk wanda ya san Malam Nata'ala a Madabo ya san shi da tambaya ɗaya. Ko buta zai saya, ko takalmi, ko ƙwan fitila, sai ya juya abin a hannu, ya duba ƙasansa, sannan ya ce, "Zai kai yaushe?" Masu kanti sukan yi masa dariya idan ya juya baya. Amma keken da ya saya a shekarar da ya fara aiki har yau shi yake hawa zuwa masallacin Juma'a, sirdi kawai ya taɓa canjawa.

A unguwar aka haife shi, a gidan da yake ciki yanzu. Mahaifinsa magini ne, irin na da, mai tubali da makuba. Tun yana ƙarami yake riƙe masa igiyar awo, kuma daga nan ne son awo ya shiga ransa. Ya yi karatun safiyo, wato awon filaye, a jami'a a Zariya, ya dawo ya yi aiki a ofishin filaye har ya yi ritaya. Ba shi da yawan magana. Idan aka tambaye shi nisan wani wuri ba ya cewa "nan kusa ne", sai ya auna a zuci kafin ya amsa.

Matarsa Hauwa malamar firamare ce, ita ma ta yi ritaya. Allah ya ba su 'ya'ya biyu, Abdulbaqi da ƙanwarsa Nana Aisha, wadda ke aure a wajen Ƙofar Dawanau.

Abdulbaqi ɗan fari ne, gidan kuwa gidan kara da kunya ne na gaske. Hauwa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Idan tana nemansa sai ta ce da Nana, "Kira min yayanki." Idan baƙi suka yaba shi sai ta tashi ta shiga kicin. Malam Nata'ala ma haka, "yaron nan" ko "wancan" yake cewa. Ita kanta Hauwa "Maman Nana" yake kiranta, ba a taɓa haɗa ta da sunan na farin ba. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin rashin so. Haka iyayensu suka yi musu, haka su ma suka yi. Mai ɗaukarsa a fili, mai yi masa kirari, mai faɗa a kansa, ita ce Yaya Uwa, yayar Malam Nata'ala, wadda gidanta ke bayan nasu.

Yaron yana da ciwon sikila. Ƙwallo ba tasa ba ce, yawo cikin rana ma haka. Abin da ya samu ya riƙe shi ne kwamfuta. Da ya gama karatu ya riƙa yi wa masu gine-gine zanen gidaje, irin wanda mutum zai ga gidansa tsaye kafin a sa harsashi. Da abin da ya samu ya haɗa tasa kwamfutar, ɓangare bayan ɓangare, a ɗakinsa na kusa da zaure. Idan ya gama aiki sai ya shiga wani wasa na gina gari. Malam Nata'ala yakan ji ƙarar fankar injin idan zai wuce, amma bai taɓa ɗaga labulen ya tambayi me ake yi ba. Uba ba ya zama a ɗakin ɗan fari yana kallon wasansa. Abin da ya lura da shi kawai, tsohon tef ɗinsa na awo yakan ɓace daga kan ƙusa da safe, ya dawo bayan la'asar da ƙasa a jikinsa.

Abdulbaqi ya rasu a ƙarshen damina, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara ashirin da 'yan kai. A zaman makoki Yaya Uwa ce ta yi kukan da kowa ya ji. Hauwa ta zauna a gefen gado, idonta a bushe, tana amsa gaisuwa. Mata suka yi ta cewa ta yi haƙuri irin na manya. Aka raba tufafinsa sadaka, littattafansa aka ba abokai. Kwamfutar ce ta rage a ɗakin, aka ja ƙofa.

Bayan wasu watanni Malam Nata'ala ya lura batirin solar gidan yana saurin sauka. Ya duba wayoyi, bai ga matsala ba. Wata rana ya dawo daga kasuwa da wuri, yana shiga zaure sai ya ji ƙarar fankar nan da ya sani. Ya tsaya da keke a hannu. Jim kaɗan Hauwa ta fito daga ɗakin da tsintsiya, ta ce shara ta shiga yi. Ya ce madalla. Da ƙofar ta buɗe ya hango injin an lulluɓe shi da wani mayafin saƙa mai kauri, irin wanda take saƙa wa talabijin da filas, ga kuma ƙarar tana fitowa daga ƙarƙashinsa a hankali.

Ya gane. Nana ce ta nuna mata yadda ake kunnawa. Ita kuma ba ta kashe shi, wai kada ta kasa mayar da shi inda yake. Tana rufe shi ne don kada wani ya shigo ya ga fitilarsa a kunne, ya san uwar ɗan fari tana zuwa ɗakinsa ta zauna. Tun daga ranar ya riƙa daɗewa a majalisa da hantsi, don ya ba ta lokaci. Ya kuma lura a kwanakin tana cin abinci.

A tsakiyar bazara abin ya faru. Ya dawo ya tarar da wani ƙauri a zaure, kamar na robar da ta taɓa wuta. Hauwa tana zaune a tsakar gida da tiren shinkafa a cinya, ba ta tsinta. Ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo ruwa. Sai da ya sha ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Malam, abin nan na ɗakin can ya daina."

"Daina me?"

"Hoton ne ya yi zane-zane kore, sai ya ɗauke."

Bai tambaye ta yadda aka yi ta sani ba. Kwana biyu ta yi tana juya cokali a kwano, tana mayar da murfi. A rana ta uku ya naɗe injin a tsohon bargo, ya tari adaidaita sahu, ya nufi shagon Zaharaddeen a titin Beirut, inda ake sayar da kayan kwamfuta.

Zaharaddeen abokin Abdulbaqi ne tun daga Islamiyya, dogo, mai fara'a, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Da ya hango shi ya fito da sauri ya karɓi kayan, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ba dai a keken aka ɗauko ta ba?"

"Keken ya girme ka. Ka riƙa ambatonsa da ladabi."

"Allah ya ja kwanansa," in ji Zaharaddeen yana dariya. Da ya yaye bargon ya ga injin, dariyar ta tsaya. Ya shafa gefensa da tafin hannu. "Tare muka haɗa ta."

Ya kwance murfin, ya haska ciki, ya zaro wani abu mai faɗi kamar ƙaramin allo, da fanka biyu a jikinsa. Ya shinshina. Ya ce wannan shi ne katin hoto, shi ke zana duk abin da ido ke gani a allon kwamfuta, kuma ya ƙone. Malam Nata'ala ya tambayi abin da ya zo tambaya.

"Abin da ke ciki fa?"

"Yana nan, Baba. Wurin ajiya daban ne, wuta ba ta taɓa shi ba. Sai dai ba za a gan shi ba sai an sa wani katin."

Yana magana yana tsinko wani abu daga cikin fankar da ɗan tsinke. Zaren ulu ne, ja da fari, ya nannaɗe a jikinta. Ya ɗora a tafin hannu, ya dubi Malam Nata'ala. Malam Nata'ala ya dubi titi. Zaharaddeen ya jefa zaren a kwandon shara.

"Zafi ne ya kashe shi," ya ce. "Bazarar bana ba sauƙi."

"Ba sauƙi," in ji Malam Nata'ala.

Zaharaddeen ya sauko da kwalaye ya jera a kan tebur. Na farko babba ne, mai fanka uku, na hannu, daga waje aka kawo shi. Ya ce a ƙarfi ya fi sauran, kuma samari rububinsa suke yi.

"Wa ya yi amfani da shi?"

"Allah ne ya sani. Irinsu wasu an yi haƙar kuɗin intanet da su, dare da rana ba hutu. Wani ka saya ya yi maka shekaru, wani ya kwanta kafin Sallah. Ga cin wuta, solarku ba za ta ji daɗinsa ba."

Malam Nata'ala ya ture kwalin gefe da yatsa ɗaya. Ya ce bai taɓa sa hannu a kan filin da bai san tarihinsa ba.

Sauran biyun sababbi ne. Ɗaya ya fi sauri a yau, amma memorinsa giga takwas ne. Ɗayan ya ɗan gaza shi gudu, nasa kuwa giga goma sha shida, kuma ba ya shan wuta sosai. Malam Nata'ala ya ce a bayyana masa memori a hankali, shi ba yaro ba ne amma ba fanninsa ba ne. Zaharaddeen ya ce wuri ne da katin ke shimfiɗa hoton kafin ya nuna shi. Wasannin nan kullum ana sabunta su, kullum suna ƙara nauyi. Katin da wurinsa ya cika sai ya fara sarƙewa, ko da injinsa na da ƙarfi.

"Wato ɗaya gini ne mai kyau a ƙaramin fili, ɗayan yana da wurin ƙara ɗaki."

"Kusan haka ne, Baba."

"Kusan, ko haka?"

"Haka ne," in ji Zaharaddeen. "Wallahi kamar marigayi nake ji. Ranar da muka sayi wancan katin, sai da ya sa na yi zufa. Na ce kai wai katin aure za ka yi da shi? Ya ce a gidansu ba a sayen abu sau biyu."

Malam Nata'ala ya ɗauki katin na biyun, ya auna nauyinsa a hannu, ya juya ƙasansa, ya karanta takardar garanti tun daga sama har ƙasa. Sannan ya yi tambayarsa.

"Zai kai yaushe?"

"In an kula da shi, shekara bakwai, takwas, wataƙila fiye."

"Kakar Nana ta wajen uwa ta haura tamanin. Danginsu suna daɗewa."

Zaharaddeen ya fahimci mahaifiyar abokinsa ake saya wa. Da ya buɗe baki muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce babu katin da zai kai nan, duk wanda ya ce akwai ƙarya yake yi. Amma zai kwafi abin da ke ciki a wuri biyu, ɗaya a gida ɗaya a wurinsa. Idan wannan ya tsufa a sa wani, garin yana nan.

"Wane gari?"

Zaharaddeen ya ɗago kai. "Baba, ba ka taɓa gani ba?"

Bai jira amsa ba. Ya dasa katin, ya haɗa wayoyi, ya juyo da allon.

Madabo ce. Rana ta hantsi tana kan katangu, inuwar tana faɗuwa inda take faɗuwa. Zaharaddeen ya riƙa matsa mawus, linzamin kwamfutar, suka bi ta gaban masallacin unguwa, suka karya kwana wajen mai wanki da guga, suka shiga lungun da yake tsukewa har mutum biyu ba sa iya jerawa. Ga kwatar da ke bin gefen hagu. Ga katangar gidansu da ta ɗan karkata, wadda mahaifin Malam Nata'ala ya gina kuma ya ƙi yarda ta karkata har ya rasu. A bakin zaure an jingine keke. Zaharaddeen ya ce shekaru Abdulbaqi ya yi yana wannan aikin, gida bayan gida, niyyarsa ya kai Shahuci, amma bai kai ba. Can gaba lungun ya ƙare a fili fari fat.

Malam Nata'ala ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya matso kusa da allon, ya daɗe yana kallon inda lungun ya tsuke.

"Faɗin daidai ne," ya ce.

Ya ce a bar masa mai giga goma sha shidan. Zaharaddeen yana ɗaure murfi ya ce akwai magana ɗaya, kuma ta fi zaɓen katin muhimmanci. Ko wanda ya fi kowanne tsada a duniya aka sa, idan bai sha iska ba ba zai ga wata bazarar ba. Ba a rufe shi da komai. Ba a barinsa a ɗakin da ƙofa da taga suke kulle. A kashe shi idan an gama, ba abin da zai ɓace.

"Ɗakin nasa ba ya samun iska," in ji Malam Nata'ala. "Tagar tana kallon katanga."

"To sai a canja masa wuri, Baba."

A cikin adaidaita sahu, da injin a kan cinyarsa, ya auna gidansa a zuci ɗaki bayan ɗaki. Wuri ɗaya ne iska ke ratsawa daga gabas zuwa yamma: rumfar tsakar gida, inda ake cin abinci, inda duk mai sallama yake fara zama. Babu labule a wurin.

Bayan la'asar ya fito da teburin daga ɗakin da kansa, ya kafa shi a rumfa, ya bar tazara tsakaninsa da bango. Hauwa tana tsaye a ƙofar kicin tana kallonsa.

"Malam, nan za ka ajiye shi?"

"Mai shagon ya ce iska yake so. Ba a kulle shi a ɗaki, ba a kuma rufe shi."

Ta dubi mayafin saƙar da ke ninke a kan kujera, gefensa ɗaya ya yi baƙi-baƙi. Ta daɗe tana kallonsa.

"Shi ne ya ƙona shi," ta ce.

"Bazara ce. Haka ya ce."

"A nan kowa zai gani."

"Na auna ko'ina, Maman Nana. Nan ne kawai zai daɗe."

Ta koma kicin. Ya ji tana motsa tukwanen da ba sa buƙatar motsawa. Shi kuwa ya zauna ya danna maɓallin da aka nuna masa. Garin ya fito. Ya kama mawus ya tura, sai ga shi yana fuskantar katanga. Ya ja baya, ya sake dukan katangar. Ya juya, sai sama kawai yake gani. Mutumin da ya auna rabin filayen bayan ganuwa ya kasa fita daga zaurensa.

"Ba haka ake yi ba," in ji Hauwa a bayansa. "Kana danna shi kamar za ka kashe kunama."

Ya matsa mata. Ta ja kujera ta zauna, ta ɗora yatsu a kan maɓallai ba tare da ta duba ba. Nan take suka fita lungu, ta bi da shi ta gaban masallaci, ta nuna masa inda aka sa kaskon mai ƙosai, da bishiyar darbejiyar da aka sare bara amma a nan tana tsaye. Ta shigo da su gida ta zaure, ta tsaya a tsakar gida. Ga igiyar shanya, ga randa, ga 'yar kujerar da take zama a kai idan tana tsintar shinkafa, an ajiye ta daidai inda inuwa ke kaiwa.

"Kullum nan nake tsayawa," ta ce.

Sallama suka ji daga zaure, da ƙarar sanda. Yaya Uwa ce, ba ta jiran a amsa mata. Malam Nata'ala ya ga hannun Hauwa ya tashi daga kan mawus ya nufi mayafin. Ya tsaya a kansa. Sannan ya dawo inda yake.

"To, to," in ji Yaya Uwa tana dogara sanda. "Tsofai-tsofai da ku, gidan kallo kuka buɗe? Nata'ala, nawa ake biya a shiga?"

"Ke kyauta ne, Yaya. Zauna."

Ta zauna tana haki, ta ƙanƙance ido a kan allon. "Wannan ai gidan nan ne. Ku tsaya. Ga ƙofata can, har da guntun langalangar da na ce ka gyara min tun bara waccan. Wane ne ya yi wannan?"

Malam Nata'ala ya buɗe baki zai ce yaron nan ne. Hauwa ta riga shi.

"Abdulbaqi ne," ta ce. "Aikin Abdulbaqi ne."

Yaya Uwa ta juyo ta dube ta. Ta gyara zama, ta jingine sandarta a bango.

"Allah ya jiƙansa," ta ce. "To kai ni ƙofar tawa in gani da kyau."

Hauwa ta juya su, suka fita ta zaure. Ruwa yana bin kumatunta, ba ta goge ba, ba ta kuma tashi ta shiga kicin ba. Malam Nata'ala ya miƙa hannu bayan injin. Iska mai ɗumi tana fita sosai, fankar tana juyawa ba ƙara.

Har yanzu kwamfutar tana rumfar. Da hantsi Hauwa takan kunna ta, idan an kira azahar ta kashe. Maƙwabta sukan shigo a nuna musu ƙofofinsu, wasu su yi gardama cewa tagarsu ta fi haka girma, Malam Nata'ala ya ce su je su auna. Duk ranar Asabar yakan kwance murfin ya busa ƙurar da ke cikin fanka, kamar yadda yake zuba wa keke mai. Mayafin kuwa Hauwa ta warware gefen da ya ƙone, ta sake saƙa shi, yanzu filas ɗin shayi yake rufewa.